An Mai da Kwalejin Noma Jami'a: Ina Ribar Fataken Shanu?

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashi da kuɗin mota, mu leƙa ƙasar Sudan, mu duba wani al'amari wanda da yawanmu ke ɗauka na 'yan boko ne su kaɗai. Al'amarin kuwa shi ne mai da kwalejin noma ta gwamnati ta koma jami'a, da kuma wanda ke riƙe da akalarta bayan an sauya mata suna. Mutanen Sudan sun riga mu shiga wannan ruwa tun cikin 1990, sun kuma san zurfinsa. Tun da yake a ƙasashenmu ma ana wannan yayi, ya kamata mu ji yadda tasu ta kaya.

Duk bafataken da ya yi harka a Kartum kafin yaƙin 2023 ya san Suk al-Shabi. Biyu ne. Akwai ta Kartum, kudu da tsakiyar gari, wadda ta daɗe tana zaman tashar manyan motocin Madani da Sinnar da Gadarif da Kasala, kafin a gina sabuwar tashar da suke kira Mina al-Barri. Akwai kuma ta Umdurman, inda ake hawa motocin arewa da na yamma. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san kasuwannin nan ciki da bai. A nan baƙo ke sauka, a nan ake jin labarin hanya. To, daga Suk al-Shabi ta Umdurman zuwa makarantun da za mu yi magana a kansu 'yan kilomitoci ne kawai, ana haye kogin Nilu an isa Shambat, a ɓangaren Bahri. Amma sai mutum ya shekara ashirin yana fatauci a garin bai taɓa tambayar abin da ake yi a can ba, alhali takardar da dabbobinsa ke fita da ita, sau da yawa ɗan makarantar can ne ya sa mata hannu.

Hanyar sa daga Nyala zuwa bakin jirgi

Bari mu fara da hanyar da dabba ke bi, don a nan maganar take. A shekarun zaman lafiya, shanun Baggara sukan taso daga kasuwannin yamma irin su Nyala da Da'en da Foro Baranga ta bakin iyakar Cadi, wasu a mota, wasu a ƙasa, korar kusan wata biyu. Sukan sauka a Muwelih, yamma da Umdurman, babbar karar shanun ƙasar, inda ake yi musu kiwon turke su mai da jiki. Daga nan wasu su faɗa hannun mahauta, wasu su wuce Kadaro, arewa da Bahri, inda akwai wurin killace dabbobi da babbar mayanka, wasu kuma su nufi Wadi Halfa a kan hanyar Masar. Tumakin Hamari da na Kabbashi kuwa, na ƙasar Kordofan, ta Sawakin suke bi, a zuba su a jirgin ruwa sai Jidda, miliyoyi a shekara mai albarka.

A kowane zango na wannan hanya akwai wani mutum da ba ya saye ba ya sayarwa, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa. Shi ne ke buɗe bakin sa ya duba, ya ɗaga kofato, ya yi allura, ya maƙala lamba a kunne, ya ɗebi jini a kai ɗakin gwaji na Soba, ya kuma kula kada sanyin maganin riga-kafi ya tafi a hanya. Likita ne ke sa hannu a ƙarshe, haka ne. Amma ai likita ɗaya ba ya yi wa rago dubu ashirin allura. Masu wannan aiki su ne waɗanda mu a gida muke kira malaman dabbobi, watau masu difloma da na ƙasa da su, waɗanda aka hora a gona da turke. Kwalejojin noma da kiwo su ne ke yaye irin waɗannan mutane. Saboda haka in an taɓa kwaleji an taɓa mu, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Gida biyu a Shambat

Tun zamanin Turawan Ingila, cikin 1938, aka buɗe makarantar noma da makarantar likitan dabbobi a Sudan don su samar wa gwamnati ma'aikata 'yan ƙasa. A 1945 aka tattara su da sauran manyan makarantu a ƙarƙashin Kwalejin Gordon. A 1951 aka haɗa su da makarantar likitoci ta Kitchener, sa'an nan a 1956, shekarar samun mulkin kai, aka ce ga Jami'ar Kartum. Tsangayar noma da ta likitan dabbobi na wannan jami'a a Shambat suka zauna, tare da gonar jami'a. Wannan shi ne karo na farko da makarantar noma ta koma jami'a a ƙasar, an kuwa bi shi a hankali, tsawon shekara 18.

Gida na biyu shi ne Ma'ahad Shambat, wanda aka kafa a 1954, mai ba da difloma. Yaransa ba su da yawan alkyabba, amma su ne aka riƙa gani a bakin aiki, a manyan gandayen gwamnati irin na Jazira da kuma ofisoshin gona na larduna. A 1975 aka haɗa shi da wasu makarantun sana'a aka yi babbar makarantar fasaha ta Kartum, watau foliteknik. A cikin shekarun 1970 ɗin kuma aka buɗe wasu kwalejojin noma biyu a wajen babban birni, ɗaya a Abu Haraz kusa da Madani, ɗaya a Abu Na'ama, kudu da Sinja. Kun ga ke nan tsani yana da matakai, kowa da inda ya tsaya: mai digiri yana bincike da tsara aiki, mai difloma yana fili.

Shekarar da aka yi wa tsanin garambawul

A ƙarshen watan Yuni na 1989 soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Umar al-Bashir. Ba su daɗe ba suka shelanta abin da suka kira juyin juya halin ilimi mai zurfi, Farfesa Ibrahim Ahmad Umar ne ministan da ya ja ragamarsa. Aka ce za a ninka yawan ɗalibai, a buɗe jami'o'i a jihohi, a mai da Larabci harshen koyarwa a madadin Turanci, a kuma ɗaga kwalejoji su zama jami'o'i ko sassan jami'a. Kafin wannan lokaci jami'o'in ƙasar ana ƙirga su da yatsun hannu guda: ta Kartum, da ta Musulunci a Umdurman, da ta Jazira, da ta Juba, sai reshen Jami'ar Alƙahira. Cikin shekara goma sai ga su sun haura 20.

A 1990 foliteknik ta koma Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha. Ma'ahad Shambat ya zama kwalejin nazarin aikin gona a cikinta, sashen likitan dabbobi da kiwo kuma yana Hillat Kuku. Abu Haraz ta shiga Jami'ar Jazira. Abu Na'ama kuwa ita ce ta zama tushen Jami'ar Sinnar, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1995.

Kada mu ci haƙƙin kowa, an samu alheri a wannan sauyi. Jami'ar Nyala da aka kafa a 1994 ta zo da tsangayar likitan dabbobi a tsakiyar ƙasar shanu, abin da a da sai an je Kartum. An kuma buɗe irinta a Gibaish, ƙasar tumakin Hamari. Ɗan makiyayi da ɗan manomi, har da 'ya'yan Hausawan Mai Wurno da Gadarif da Damazin, sun samu ƙofar da a da ba ta buɗuwa sai ga 'yan kaɗan. 'Yan mata ma sun shiga da yawa. Sa'an nan masu difloma suna da kukansu na gaskiya, don a aikin gwamnati akwai matakin da ba sa wucewa komai ƙwarewarsu, sai yaron da ya fito jiya da digiri ya zo ya zauna a kansu. Wanda ya ce a ɗaga makarantarsu bai yi laifi ba.

Amma fa an ninka ɗalibai, ba a ninka kuɗi ba. Abinci da wurin kwana da jami'a ke bayarwa kyauta aka janye su, aka miƙa wa wani asusun kula da ɗalibai da aka kafa a 1991. An sallami malamai da dama daga aiki da sunan maslahar jama'a, wasu kuma ƙarancin albashi ya kore su zuwa Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Daga baya jami'o'i suka shiga ɗaukar ɗalibai masu biyan kuɗi da yawa don su cike giɓi. Difloma ba ta mutu ba, amma darajarta ta faɗi, ta koma abin da ake shiga in an rasa gurbin digiri.

Dalilin da ya sa aikin hannu ke fara shan kashi a irin wannan hali ba ɓoyayye ba ne, kowane ɗan kasuwa zai gane shi. Lacca ɗaki take so da allo da malami guda, ko ɗalibai hamsin ne ko ɗari biyar. Horon fili kuwa yana son garke, da dusa da harawa kullum, da man tarakta, da magani, da mota ta kai yara daji. In aljihu ya yi ƙasa, wanne za a fara yankewa? Shi ya sa masana ilimi a Sudan suka daɗe suna kuka cewa ma'auni ya kife, masu digiri sun fi masu aikin hannu yawa, alhali kamata ya yi kowane likita guda ya kasance da malaman dabbobi da dama a bayansa.

Wa ke riƙe da akala?

Yanzu mu zo ga gundarin magana. Jami'ar gwamnati a Sudan tana da uba, wanda suke kira ra'i, shi ne shugaban ƙasa. Tana da majalisar gudanarwa mai kula da kuɗi da filaye da gine-gine. Tana da shugaba, watau mudir, da mataimakinsa, da wakili mai riƙe da harkar kuɗi da ma'aikata. Sa'an nan akwai majalisar malamai mai tsara karatu da jarrabawa, da shugabannin tsangayu. A takarda tsari ne mai kyau. Tambayar ita ce, wa ke naɗa su, wa kuma ke iya tuɓe su?

Bayan boren jama'a na 1985 da ya kawar da Numairi, malaman Jami'ar Kartum sun samu damar zaɓen shugabanninsu, masanin tarihin nan Farfesa Yusuf Fadl Hasan ne ya riƙe jami'ar daga 1985 zuwa 1990. Dokokin da aka yi a 1990 suka mai da naɗi hannun shugaban ƙasa. Watau a shekarar da kwalejin Shambat ta samu sunan jami'a, a shekarar ce akalar jami'o'i duka ta koma fada. Haka aka tafi kusan shekara 30.

Da aka tuɓe al-Bashir a 2019, gwamnatin Abdalla Hamdok ta sauke shugabannin jami'o'i kusan 30 a tashi ɗaya, ta naɗa sababbi. A cikinsu akwai Farfesa Fadwa Abdurrahman Ali Taha, mace ta farko da ta shugabanci Jami'ar Kartum. Soja suka sake karɓe mulki a watan Oktoba na 2021. A watan Maris na 2022 Janar Abdulfattah al-Burhan ya rushe majalisun jami'o'in gwamnati ya naɗa nasa shugabannin, Farfesa Fadwa kuwa ta ajiye aiki don nuna rashin yarda. Ku lissafa da kanku, jama'a: tsakanin naɗin farko da na biyu shekara biyu da rabi ne. Karsanar da aka haifa ranar da aka naɗa shugaba, ba ta kai ga haihuwar fari ba aka cire shi. To, yaya za a yi aikin gyaran iri na shanun Kenana ko na Butana, wanda ke cin shekara goma zuwa ashirin, ya yi ƙarko a gidan da maigidansa ke sauyawa duk sa'ad da iska ta juya a fada?

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Kwalejin noma, galibi, 'yar ma'aikatar gona ce ko ta dabbobi. Ma'aikatar ita ke sanin malamai nawa take so a kara da kan iyaka, ita ke ɗaukar yaran aiki in sun gama. Ranar da aka ce ta zama jami'a, ta tashi daga wannan gida ta koma na ma'aikatar ilimi mai zurfi. A can kuwa ba da yawan shanun da ya warkar ake yi wa malami ƙarin girma ba, da yawan takardun binciken da ya buga ne. Ba laifinsa ba ne in ya bi inda abincinsa yake. 'Yan majalisar gudanarwa da ake kawowa daga waje su ya kamata su tuna wa jami'a da makiyayi da bafatake, amma in naɗi ne ya kawo su, wanda ya naɗa su shi za su duba.

Sai maganar fili. Lokacin da aka yanka gonakin Shambat da na Kuku, bayan gari ne. Birni ya zo ya kewaye su, ƙasar bakin Nilu kuwa ta yi tsada. A 2016, jita-jitar cewa za a sayar da tsofaffin gine-ginen Jami'ar Kartum a mai da ita Soba ta isa ta fito da ɗalibai kan titi, har gwamnati ta fito ta musanta. Abin da wannan ya nuna shi ne, in majalisar da ke gadin fili ba ta da ƙarfin cewa a'a, to, babu abin da ke tsare gonar makaranta sai sa'a.

Inda abin ke taɓa aljihunmu

Wani zai ce, to, Alhaji, mu ina ruwanmu? Ga ruwanmu. A shekarar 2000 zazzaɓin nan da ake kira Rift Valley, wanda sauro ke yaɗawa, yana sa tumaki ɓari yana kuma kama mutane, ya ɓulla a Saudiyya da Yaman. Nan take Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin gabashin Afirka, har da na Sudan. Ciwon ya ɓarke a Sudan kanta a 2007, aka sake rufewa. A watan Oktoba na 2019 aka kuma rufewa. Da aka buɗe, cikin 2020 jiragen ruwa da dama suka juyo daga Jidda da tumakinsu, saboda gwajin jini ya nuna riga-kafin bai kama jikinsu yadda ake so ba. Duk wanda ya taɓa ciyar da dabba a kan hanya ya san ma'anar wannan: kuɗin jirgi ya tafi, dabba ta rame, wasu sun mutu, bashi kuma yana jira.

Ba mu ɗora wannan hasara a kan wata makaranta ba, dalilanta suna da yawa. Abin da muke so a gane shi ne, tsakanin kwalbar magani da jinin rago akwai hannuwa da yawa: wanda ya haɗa maganin, da wanda ya adana shi cikin sanyi, da wanda ya yi allurar, da wanda ya rubuta ranar. Hannu ɗaya ya yi sake, jirgi guda ya dawo. Waɗannan hannuwa kuwa a makaranta ake horar da su.

Dattawanmu suna iya tuna bushiya. Babban gangamin allurarta ya faro ne daga yankin tafkin Cadi a 1962, ana yi wa sa allura ana huda masa kunne don shaida. An tabbatar Sudan ta rabu da ciwon a 2008, duniya duka kuma a 2011. Masu bincike suka samo maganin, amma waɗanda suka bi ruga-ruga da akwatin sanyi su suka kai shi jikin saniya. Har ila yau, ƙidayar dabbobi ta ƙasa baki ɗaya da Sudan ta daɗe tana dogara da ita, ta tsakiyar shekarun 1970 ce, da jirgin sama aka yi ta. Adadin sama da miliyan 100 da aka riƙa faɗa daga baya ƙiyasi ne aka ɗora a kanta. Jami'o'i sun yawaita, amma aikin fili irin wannan ya yi ta jiran mai yi.

Bayan ɓarkewar yaƙi

Ran 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Kasuwannin babban birni, har da Suk al-Shabi, sun sha wawaso da gobara. Bahri ta zama fagen fama. A watan Nuwamba na shekarar aka karya gadar Shambat, wadda ta haɗa Umdurman da Bahri. Aka wawashe makarantu, malamai da ɗalibai suka watse, wasu jami'o'i suka koma karatu ta intanet ko a wasu garuruwa. Soja sun karɓe Bahri a farkon 2025, suka karɓe tsakiyar Kartum a watan Maris na shekarar.

Yaƙin ya tona wani rauni da ya daɗe: manyan tsangayu a Shambat da Kuku, ɗakin gwaji a Soba, killace a Kadaro, kara a Muwelih, duk a birni guda. Da birnin ya kama wuta, duka suka tsaya tare. Duk sa'ad da aka zo sake gini kuma, majalisun nan da shugabannin nan su za su ce ga abin da za a fara da shi, ko gona da garke da ɗakin gwaji, ko ofishin shugaba da ƙofar shiga mai ado.

Mu dawo gida

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Nijeriya, a 2020 aka kafa Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru, a kan harabar kwalejin noma ta Jihar Kebbi, kuma ana jin irin wannan kira a wasu jihohin. Akwai dalilin kuɗi a ciki. Dokar asusun TETFund ta 2011 ta ambaci jami'o'i da foliteknik da kwalejojin horon malamai, ta bar kwalejojin noma a waje, don haka kowace ke neman sabon suna. Sai dai difloma a hannun hukumar NBTE ta Kaduna take, digiri kuwa a hannun NUC. In harabar ta koma ta jami'a ba a tanadar wa difloma mazauni ba, sai a wayi gari jiha guda ba ta da inda ake yaye malamin dabbobi.

Maganar akala ma ɗaya ce. A jami'ar jiha gwamna shi ne uba, shi ke naɗa majalisar gudanarwa. A tarayya kuwa, a watan Yuni na 2023 gwamnati ta rushe majalisun jami'o'inta gaba ɗaya, suka zauna kusan shekara babu su.

Akwai kuma misalai masu kyau. Jami'ar Ahmadu Bello ta karɓi kwalejojin noma na Samaru da Kabba da ta dabbobi da ke Mando a Kaduna, amma ta ware musu sashe nasu, suka ci gaba da ba da difloma. A Amurka, kwalejin noma ta Michigan da aka kafa a 1855 sai a 1955 ta karɓi sunan jami'a, bayan shekara 100. Majalisarta mutum takwas ne, jama'ar jiha ke zaɓensu, kowa shekara takwas, ana sauya biyu duk bayan shekara biyu, don haka babu gwamnan da zai share su a rana ɗaya. Wata doka ta 1914 kuma ta ɗora wa irin waɗannan jami'o'i aikin kai ilimi ga manomi har gonarsa. 'Yar'uwarta ta Kansas ita ce ta taimaka wajen kafa tsangayar likitan dabbobi a Zariya cikin shekarun 1960.

Abin da ya kamata mu nema

Ba mu ƙi jami'a ba. 'Ya'yanmu ne za su shiga, mu ma muna so a kira ɗanmu dakta. Amma tun ran gini tun ran zane. Duk jihar da aka kai ƙudurin mai da kwalejin noma jami'a gaban majalisar dokoki, akan yi zaman jin ra'ayin jama'a, a nan ya kamata shugabanninmu su je da takarda a hannu, su nemi a rubuta abubuwa biyar a cikin dokar kanta.

Na farko, a bar difloma da ƙananan kwasa-kwasan malaman dabbobi, da shugabansu da kasonsu na kuɗi dabam, sa'an nan a buɗe wa mai difloma hanyar ƙarasa digiri ba tare da ya koma farko ba. Na biyu, a ba fatake da makiyaya da mahauta kujera a majalisar gudanarwa, kuma ƙungiyoyinsu su zaɓo wanda zai zauna, kada a ɗauko mana wani daga sama. Na uku, wa'adin 'yan majalisa ya zama a jere, ba sa sauka rana ɗaya, kuma kada a tuɓe shugaba sai da laifin da aka bincika. Na huɗu, a auna gona da makiyayar makaranta, a rubuta iyakarsu a doka, ba a sayarwa ba a yanka filoti. Na biyar, kowane ɗalibin kiwo ya yi watanni a kara da burtali da bakin iyaka, irin su Maigatari da Illela da Mubi da Gamboru, kafin a ba shi takarda.

Mu ma akwai namu. Wanda ke neman kujera sai ya zo da goronsa. Ƙungiya tana iya ɗaukar nauyin yara biyu ko uku a shekara su karanta lafiyar dabbobi, tana iya ba makaranta 'yan maruƙa na koyon aiki, tana iya saukar da ɗalibai ranar kasuwa a nuna musu yadda ake gane sa mai ciwon huhu tun daga tafiyarsa. Irin wannan ilimi yana wurin dattawanmu, in ba a miƙa shi ba tare da su zai tafi.

Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafificin alheri, ya tsare mana dukiyarmu a gida da kan hanya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.